Ranar da Injiniya Ya Sallami Kamfanin Wuta

Ranar Litinin ce. Rana ta fito fes, babu gajimare ko kaɗan, iska kuma ba ta motsi.

Ina zaune a gindin matakala, inda na saba zama tun da na ajiye aikin kafinta, sai ga mijin ƙanwata ya sauko da hular roba irin ta masu gini, da tef na awo a ƙugu. Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Shekara talatin ya yi yana riƙe da makullan sito a wata masana'antar fenti, bara suka sallame shi da takardar yabo da agogon bango. Tun daga nan ba shi da ƙofar da zai buɗe sai ta ɗakinsa, ita ma ƙanwata ce ke riga shi.

Gidanmu bene ne mai hawa uku. Iyali takwas ne a ciki, da shago biyu a ƙasa, na Tela da na Mai Aski. Wata biyu kafin wannan rana muka haɗu aka sa mana farantan sola goma sha biyu a kan rufi. Wata matashiya ce ta sa, muna kiranta Mai Sola. Ba mu da batir. Wutar da farantan suka tara tana saukowa cikin wani farin akwati da ke manne a bango kusa da kujerata, inbata ake ce masa. Daga nan ta shiga gida, rarar kuma ta wuce layin kamfanin wuta. Idan rana ta faɗi, kamfani ya ba mu tasa. Akwatin yana da ɗan gilashi mai nuna lamba. Da tsakar rana lambar takan kai huɗu, kuma kowa ya gamsu da huɗu.

Ban da Injiniya.

"Yaya, ka ga wannan?" Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Faranti goma sha biyu, lamba huɗu. Ko kunya ba sa ji."

"Lafiya lau suke," na ce.

"Barci suke yi. Ba su samu mai tsaya musu a kai ba ne."

Makullin ƙofar rufi yana hannun Malama, tsohuwar shugabar makaranta, wadda muka ɗora a kan al'amuran gidan don babu mai iya musu da ita. Da ta sauko za ta kasuwa, Injiniya ya tare ta.

"Malama, ki ba ni makullin rufi mako biyu. In ban mayar da huɗun nan takwas ba, ki cire ni daga Injiniya."

"Wa ya sa ka, da ni zan cire ka?"

Tela ta leƙo daga shago da allura a baki. Ta cire allurar ta ce, "Takwas? Kai da ka gyara mini fanka ta koma juyawa baya?"

"Tana juyawa ko ba ta juyawa?"

"Tana zuƙe iskar shagon tana kai wa silin."

"Silin ɗin ma naki ne."

Malama ta gyara jakarta za ta wuce. Ƙanwata, wadda ke tsaye a kan matakala tana jin komai, ta sauko ta kama hannunta. A hankali ta yi magana, amma na ji.

"Don Allah ki ba shi, Malama. Tun da ya bar aiki yake bina kicin. Jiya sai da ya koya mini yadda ake yanka albasa."

Malama ta dube ta, ta dubi Injiniya, ta zaro makullin.

"Ba na son takwas ɗinka. Ranar Litinin, nan da mako biyu, sha biyun rana daidai, zan tsaya a gaban akwatin nan. In na ga huɗu ko sama da huɗu, makulli ya zama naka. In na ga ƙasa da huɗu, ka dawo da shi a gaban kowa."

Ya karɓa da hannu biyu. Na ga yadda ya juya shi a tafinsa kafin ya sa a aljihu, ya kuma dafa aljihun. Ranar ya hau rufi sau bakwai. Ba abin da ya yi a can sai buɗewa da rufewa.

Washegari ya wuce ni da galan ɗin man girki da tsumma.

"Ina zuwa da mai?"

"Yaya, abin da yake sheƙi shi yake jan rana. Ka taɓa ganin mai sanƙon da rana ta ƙyale?"

Mai Aski, da ke wasa aska a ƙofar shago, ya ce, "Wannan gaskiya ne. Amma ban taɓa ganin sanƙon da ya kunna talabijin ba."

"Don ba a jona masa waya ba ne."

Ya shafe faranti goma sha biyu tas, ɗaya bayan ɗaya. Da tsakar rana ya sauko yana naso har gwiwar hannu. Lamba ta nuna uku da rabi. Ya ce man bai gama shiga jikinsu ba. Kwana ɗaya ya ƙara, ƙurar titi ta bi man ta kwanta, ƙudaje suka bi ƙura, gashin tantabaru ya bi ƙudaje. Lamba ta nuna biyu da rabi.

"Yau ranar ce ba ta da ƙarfi," ya ce, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

Ƙanwata ta sauko da kasko a hannu. "Maigida, ina man da na sayo shekaranjiya?"

"Yana aiki."

"A ina?"

"A sama."

"To ka hau saman ka ci abincin rana."

Ya ga babu mafita sai wanki. Ya zazzage fakitin garin sabulu guda cikin bokiti, ya kama dirza. Kumfa ta taru, ta bi indararo, ta sauko hawa uku, ta sauka daidai ƙofar shagon Tela, inda ta rataye wata doguwar riga da ta gama gogewa, mai ita za ta zo karɓa da la'asar. Kumfa ce mai haɗe da mai da gashin tantabara. Tela ta fito ta tsaya, ta ɗaga kai.

"Injiniya, sauko ka ga aikinka."

Kansa ya bayyana a bakin rufi. "Wanki ne kyauta, Tela."

"Kwana huɗu na yi a kan rigar nan."

"Ai shi ya sa ta yi datti."

Sai da ƙanwata ta karɓi rigar ta wanke da hannunta, ta goge, ta ba da haƙuri sau uku. Shi kuwa ya ɗauraye farantan har sau huɗu kafin man ya fita. Ranar Alhamis lamba ta koma huɗu. Ya kira duk wanda ke kusa ya zo ya gani.

"Daga biyu da rabi zuwa huɗu, a yini ɗaya. Ku faɗa mini wanda ya taɓa yin haka a gidan nan."

Babu wanda ya taɓa.

Ranar Asabar ya zo da maganar madubi. Ya kwance ƙofar durowar ƙanwata mai dogon madubi, ya cire na banɗaki, sannan ya shiga shagon Mai Aski ya ari babban nan da ke gaban kujera.

"Awa ɗaya kacal."

"Awa ɗaya ta agogo, ko ta Injiniya?"

"Ta agogo. In wuta ta ƙaru, injin askinka zai riƙa gudu ninki biyu. Ka aske mutum biyu a lokacin ɗaya."

Ƙanwata ta roƙe ni in taya shi ɗauka, don kada ya faɗo da gilashi a matakala. Na taya shi. A kan rufi ya jingina madubai uku da bulo, ya karkata su har haskensu ya sauka a kan farantai, sannan ya ja baya ya riƙe ƙugu.

"Yaya, rana ɗaya tana ba da huɗu. Yanzu ga rana uku na ƙara. Huɗu sau huɗu nawa ne?"

"Sha shida."

"Ka ga ashe rangwame na yi musu da na ce takwas."

Na sauko. Lamba ta hau huɗu da ɗan kai, ta tsaya, sai ta fara sauka. Farantan sun yi zafi har ba a iya taɓa su, kuma ashe zafi ba ya yi musu daɗi. Wannan daga baya na sani. Abin da na sani a lokacin shi ne rana tana tafiya, madubi kuwa ba ya tafiya. Kafin ƙarfe biyu hasken ya bar farantai. Hasken madubi na farko ya tsallaka titi ya shiga idon mai sayar da jarida. Na biyu ya daki tagar benen da ke fuskantarmu ya dawo, ya faɗa falon Malama, daidai fuskarta, tana kishingiɗe. Ta sauko da ɗankwali a karkace.

"Kafinta, wa ya kunna mini rana a falo?"

"Mijin ƙanwata."

"Ka gaya masa ya zo ya kashe."

Awa ɗayar Mai Aski ta zama kwana biyu. Injiniya ya kulle rufi, makulli yana aljihunsa, ya ce gwaji bai ƙare ba. Mai Aski ya koma aski babu madubi. In ya gama sai ya zagayo gaban mutum ya bayyana masa da baki.

"Gefen nan ya kwanta. Bayan ma ya yi daidai. Ka yarda da ni."

Wani ya shafa kansa ya ce, "Me ya sa nake jin iska a nan ɓangaren kawai?"

"Ɓangaren ne ya fi kusa da ƙofa."

Da yammacin Lahadi iska ta taso. Muka ji wani ƙara daga sama, kamar an zubar da tiren kofuna. Ƙofar durowar ƙanwata ce. Mai Aski bai jira komai ba. Ya hau, ya tsaya a bayan Injiniya har ya buɗe, ya rungumo madubinsa ya sauko da shi yana magana shi kaɗai. Ƙanwata ta karɓi ƙofarta babu gilashi, ta leƙa ta cikin ramin ta dubi mijinta.

"Yanzu in zan fita, kai za ka riƙa gaya mini ko ɗaurina ya yi."

"Kullum yana yi."

"Kada ka yi mini daɗin baki da tsintsiya a hannunka. Share."

Mako na biyu ya ce ya gano abokan gaba. Tantabaru ne. Su ke sauka a kan farantai suna tare rana, suna kuma barin shaida. Maganinsu gadi. Ya hau da kujerar roba, da gorar ruwa, da doguwar sanda mai leda a kai, da wata babbar laima irin ta masu sayar da kaya a bakin titi. Ya kafa laimar a bokitin yashi kusa da farantin ƙarshe, ya zauna a inuwa.

Ni ina ƙasa, akwatin yana gefena. Ba na neman kallonsa, amma ido yana zuwa. Injiniya yana hawa, ba a minti uku, lamba ta faɗo biyu. In zai sauko sai ya naɗe laimar don kada iska ta ɗauke ta. Kafin ya gama matakala hawa uku, lamba ta koma huɗu. Ya iso yana haki, ya duba, ya yi murmushi.

"Huɗu cif. Kuma yanzu na fara."

Ya koma sama, lamba ta koma biyu. Haka muka yini. Haka muka yi washegari. Shi bai taɓa ganin biyu ba, mu kuma ba mu ganin huɗu sai yana tsaye.

Tela ta gaya masa. Ya ce hassada ce. Mai Aski ya gaya masa. Ya ce haushin madubi ne. Malama ta gaya masa, ya ce, cikin ladabi, ko tabaranta na buƙatar canji. A ƙarshe aka shirya gwaji. Ya hau ya zauna, Tela ta kira shi a waya tana tsaye gaban akwatin.

"Biyu. Ga Kafinta, ga Mai Aski, ga Malama da tabarau."

"Kada kowa ya motsa. Ina zuwa."

Muka ji ƙarar naɗe laima ta cikin wayar, muka ji takunsa. Muna kallo lamba ta hau, biyu da rabi, uku, uku da rabi. Ya diro matakalar ƙarshe.

"Ina biyun?"

"Yanzu ta tafi."

"Da ta ji takuna."

Ya ƙura wa akwatin ido. Sai ya bi wayar lantarkin da ta fita daga cikinsa da ido, har zuwa babban makunnin da ya haɗa gidanmu da layin kamfani. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na gane. Shekara talatin ina sito, na san wannan halin. In mai sito yana tsaye, kaya cif suke. Ya juya baya, sai su fara fita ta ƙofar baya. Ga ƙofar bayan nan." Ya nuna makunnin. "Kamfani ne. Ina hawa, su ja. Ina saukowa, su saki."

"Ta yaya suke sanin ka hau?" in ji Mai Aski.

"Kamfani guda, ka ce ba su da hanya?"

Na ce, "Ka gwada zama babu laima."

"Yaya, laimar nan kusurwar faranti ɗaya take taɓawa. Ɗaya cikin goma sha biyu. Kusurwa ɗaya za ta cinye rabin wuta? Yi lissafi mana."

Karatuna bai yi nisa ba. Na ƙyale shi.

Kwanakin da suka rage bai sake taɓa komai a sama ba. Yawo ya shiga. Ya gaya wa mai jarida, ya gaya wa mai wankin mota, ya gaya wa mutanen benen da ke fuskantarmu. Ranar Litinin da sha biyu, in ji shi, gidanmu zai sallami kamfanin wuta a gaban jama'a, kowa ya zo ya ga takwas da idonsa. Mu mutanen gidan mun ɗauka cika baki ne irin nasa. Ba wanda ya tambaye shi yadda za a yi sallamar.

Litinin ta zo da rana mai kyau. Tun sha ɗaya da rabi gindin matakala ya cika. Mutum ya kai talatin, har da waɗanda suka tsaya don sun ga an tsaya. Tela tana kan keken ɗinkinta na lantarki, ƙofa a buɗe, tana ɗinki tana kallo. Mai Aski yana aske wani mutum mai farar riga da zai je ganawar neman aiki ƙarfe ɗaya. Famfon da ke tura ruwa tankin sama yana ta gurnani. Malama ta sauko da agogo a hannu. Ta kira Mai Sola tun da safe ta zo ta zama shaida, amma ba ta iso ba tukuna.

Injiniya ya sauko da hularsa, ya goge ta har tana ƙyalli. Yana ƙasa, laima a naɗe, don haka lamba tana kan huɗu.

Malama ta duba agogo, ta duba gilashi. "Saura minti uku. Huɗu ce. Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. In ta kai sha biyu a haka, makulli naka ne."

Ƙanwata ta sauke ajiyar zuciya. Ta matso kusa da shi. "Maigida, ka ji. Ka tsaya nan kusa da ni. Minti uku ne."

"Huɗu?" Ya dubi taron. "Na tara mutane don su ga huɗu?"

"Huɗun ta ishe mu."

"Ta ishe ku."

Ya hau kan matakala ta biyu don a gan shi. Ya ce shekara da shekaru kamfani yana shan guminmu. Ya ce yau ya kama ƙofar baya. Ya ce duk wanda ke da raunin ido ya kauce daga gaban ƙwan fitila, don wutar da za ta shigo gidan nan ba a saba da ita ba. Mai wankin mota ya tafa. Injiniya ya sauko, ya kama mariƙin babban makunnin.

Na ce, "Bari."

Kalma ɗaya ce, kuma ta makara. Ya ja.

Keken Tela ya tsaya da allura a cikin yadi. Famfo ya yi tari ɗaya ya mutu. Fankar shagon aski ta yi juyi uku ta haƙura. Injin aski ya yi shiru a tsakiyar kan mai farar riga, ya bar masa hanya ɗaya daga goshi zuwa tsakar ka. A gilashin akwati jar fitila ta kama. Lamba ta nuna sifili.

Kowa ya leƙa gilashin. Daga can baya mai jarida ya ce, "Takwas ɗin ce wannan?"

"Tana tattara ƙarfi," in ji Injiniya.

Muka jira. Ya fita waje ya ɗaga kai ya duba rana. Tana nan inda take. Ya dawo ya ƙwanƙwasa gilashin.

Malama ta ce, "Sha biyu daidai."

Mai farar riga ya fito daga shago da tawul a wuya. "Wane ne Injiniyan?"

Hannu kusan ashirin suka nuna.

"Ƙarfe ɗaya ake jirana. Dubi kaina."

"Ka sa hula," in ji Injiniya. "Ga tawa."

"Mayar da wutar," in ji Mai Aski. "Mayar kafin in aske ka da almakashin Tela."

Ya mayar da mariƙin sama. Wutar kamfani ta dawo, famfo ya tashi, injin aski ya kama. Amma akwatin ya ƙi. Jar fitila tana nan, sifili yana nan. Injiniya ya ba shi minti ɗaya, ya ce bai ji ba ne, ya sake ja ƙasa ya mayar. Injin aski ya sake mutuwa ya tashi. Daga cikin shago muka ji mai farar riga yana cewa hanya ta zama biyu. Injiniya ya sake ja. Ya sake. A ja na biyar babur ya tsaya a ƙofa, Mai Sola ta sauko da jakar kayan aiki.

Ta ratsa mutane, ta dubi akwatin, ta dubi hannun da ke kan mariƙi.

"Baba, sannu da aiki. Ɗan ɗaga hannunka."

"Ina cikin gyara ne, 'yata."

"Na gani. Ɗaga."

Ya ɗaga. Ta ce, "Wannan sola ba ta aiki sai da layin kamfani. In layin ya yanke, akwatin yana kashe kansa da gangan. In ba haka ba, wutarku za ta bi waya ta kama ma'aikacin da ya hau sanda yana gyara, shi yana ganin ya kashe layi. In wuta ta dawo kuma, sai ya jira minti biyar ya tabbatar ta zauna. Duk jan da ka yi, daga farko yake sake ƙirgawa."

"To ai ni ma abin da..."

"Minti biyar, Baba. Kada a taɓa."

Tela ta kama hannun rigarsa na dama, ƙanwata ta kama na hagu. Ban taɓa ganin minti biyar mai tsawon wannan ba. Mutum talatin suna kallon akwati, akwati yana kallonsu. Sai ya yi ƙas, fitila ta koma kore, lamba ta fara hawa har ta tsaya a huɗu.

Malama ta ba Mai Sola labarin biyu da huɗu. Mai Sola ta ce a buɗe mata rufi. Rabin taron suka bi ta sama, ni na zauna a kujerata. Can sai wayar Tela ta yi ƙara, tana tsaye gaban akwatin. Mai Sola ce daga rufi.

"Na buɗe laimar. Nawa?"

"Biyu."

"Na naɗe. Nawa?"

"Uku. Uku da rabi. Huɗu."

Da suka sauko, Mai Sola tana gaba da laimar a kafaɗa. Ta ce farantan a jere suke da waya ɗaya, kamar mutane masu miƙa bokiti hannu da hannu. In inuwa ta sa ɗaya ya yi sanyi, sauran sai su jira shi. Mai Aski ya tambaye ta me za a yi musu su ba da iyakar ƙarfinsu.

"Ruwa zalla da tsumma mai laushi, da sassafe kafin su yi zafi. Kada inuwa ta taɓa su. Shi ke nan."

"Sai me kuma?" in ji Injiniya. Muryarsa ta ragu.

"Sai a ƙyale su, Baba."

Malama ta miƙa hannu.

Ya zaro zoben makullai daga aljihu. Sai ranar na lura da shi. Makullai ne kusan goma, tsofaffi, na ƙofofin sito da aka daɗe da canza musu kwaɗo, na rufin yana tsakiyarsu, shi kaɗai ne sabo. Ya sa farce zai cire, farcen ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Mai wankin mota ya fara dariya, na dube shi, ya daina. Ƙanwata ta karɓi zoben, ta cire makullin rufin ta miƙa wa Malama, ta mayar masa da sauran cikin aljihu da hannunta.

Malama ta juyo ta ajiye shi a cinyata.

"Ni ban nema ba," na ce.

"Shi ya sa."

Taro ya watse. Mai farar riga ya fita da kai a aske ƙwal, don ba yadda za a yi da hanya biyu. Ƙanwata ta wuce ni za ta hau, ta tsaya.

"Yaya, gobe zai dawo mini kicin."

"Ki ɓoye albasa."

Washegari da sassafe na hau na wanke farantan da ruwa, na kulle, na sauko ɗakina. Ina shan shayi na ji murya daga titi. Na leƙa ta taga. Injiniya ne, da hularsa, a tashar bas, mutum biyar sun kewaye shi. Yana nuna rufinmu da biro.

"Mutane da yawa ba su san wannan ba. Ka yanke layin kamfani, sola ta mutu nan take. Don kare ran ma'aikaci ne. Na gaya wa mutanen gidanmu da baki, ba su gane ba, sai da na tara su jiya na nuna musu a aikace. Sau biyar na maimaita. Kai, a gidanku akwai sola? Wa yake riƙe da makullin rufin?"

Na rufe tagar.